Na'urar Injiniya da Ƙunshin Kilishi

Ranar Laraba da ƙarfe takwas na safe aka gano asara biyu a gidan Injiniya Nasir da ke unguwar Madain Fahd, kuma mai gida da matar gida suka kasa yarda da wacce ta fi girma.

Asarar Hajiya Nana Aisha ƙunshin kilishi ce. Ranar Litinin wata 'yar Umara ta kawo mata shi daga Gusau, saƙon kakar Hajiya. Sai da safen nan tsohuwar ta bugo waya tana tambaya, "Kin ga abin da ke ciki?" Ashe tsakanin falle da falle ta cusa awarwaronta na zinare guda biyu, don a ganinta ba ɓarawon da zai nemi zinare a cikin yaji. Ba ta faɗa tun farko ba saboda ba ta yarda da waya ba. Hajiya ta ruga inda ta ɓoye ƙunshin, ta tarar da wurin wayam.

Asarar Injiniya kuwa, an dusashe masa ɗigo.

Yana da wata na'ura da ake kira Gaiga, girmanta kamar akwatin sabulu, aikinta ƙirga tururin nukiliyar da ke cikin iska. Takan yi tak, tak, kamar sau ashirin a minti, ta tura adadin wani shafi inda 'yan sa-kai daga ƙasashe suke tara nasu. Kowa da koren ɗigonsa a taswira. Injiniya ya nuna wa kowa nasa, har mai kawo gas. Jiya Talata na'urar ta tura dubu uku a minti ɗaya, sai mai kula da shafin ya mayar da ɗigon ruwan toka, ya aiko da saƙo: a duba na'ura.

Abin da ya haɗa asarar biyu shi ne ɗaki. Ɗakin ajiya ne mai tsintsiya da buhun shinkafa, amma Injiniya ya liƙa wa ƙofar takarda ya rubuta LABURATARE. Nan na'urar take a kan kanta, nan kuma Hajiya ta ɓoye kilishin a bayanta, tunda ba a barin kowa ya shiga.

Kafin ƙarfe tara an samu wadda za a ɗora wa laifi: Mastura, mai zuwa shara Asabar da Talata, wadda ke riƙe da makulli. Iyayenta Hausawan Sudan ne, amma ita a nan unguwar Waziriyya aka haife ta. Iƙamarta, wato takardar izinin zama a ƙasar, tana hannun kafilin da ya tsaya mata, wani mai shagon ɗinki, sharar gidaje kuma ba ta cikin takardar. In aka kai ta wurin 'yan sanda, kafin a zo maganar zinare za a yi maganar iƙama, daga nan sai jirgi zuwa ƙasar da ba ta taɓa gani ba sai a waya. Injiniya ya ce ya ba ta zuwa azahar ta fito da ƙunshin.

Ƙarfe goma ƙanwar Mastura, Lubabatu, ta hau bene da jakar kayan aiki a kafaɗa.

Lubabatu shekararta ashirin da uku. Makaranta ta tsaya mata a aji shida saboda takardu, sauran ta koya a bidiyo da kuma gawarwakin wayoyin unguwa. Ita ta harhaɗa na'urar nan bara, bayan Injiniya ya yi odar kayan ya zauna yana kallonsu wata biyu. Tun daga nan yake gaya wa baƙi shi ya ƙera.

Ta tarar da yayarta a bakin kicin, ido ya kumbura.

"Yaya, kin ɗauka?"

"Wallahi ko ƙanshinsa ban ji ba, mura nake."

"To share hancinki. Yalla, mu je."

Injiniya ya fito da rigar ofis da biro uku a aljihu. "Ba na son tashin hankali. In roƙo kika zo yi, an wuce nan."

"Gyara na zo, Yallaɓai. Na ji ɗigonka ya yi furfura."

Ya kalli matarsa, ya kalli ƙofar laburatare. "Na riga na gano matsalar. Lissafi ne mai zurfi. Amma ba laifi ki duba, ki ƙaru."

Ta cire takalmi ta shiga don ta ƙaru.

Na'urar tana yin tak-tak ɗinta, ɗan sauri fiye da kullum. Lubabatu ta sauya caja, ba canji. Ta kara wayarta a jikinta ta sa Mastura ta kira, ba canji. Ta kunna na'urar sanyaya ɗaki ta kashe sau uku. Ta buɗe murfi ta auna wutar da ke shiga bututun da ke jin tururin, ɗari huɗu cif, yadda ta bar ta. Ta duba ko rana na haska bututun, ta ga ɗakin ko taga babu.

"Hajiya, akwai gishirin masu hawan jini a gidan nan?"

"Na Injiniya ne. Yana ɓoye shi in an yi baƙi."

Aka kawo. Lubabatu ta ɗora ledar a kan bututun, na'urar ta ƙara sauri.

Injiniya ya ja da baya. "Wannan nake ci?"

"Shi kake ci. Ba ya komai, sinadarin cikinsa ne haka. Gwaji na yi in ga ko tana ji. Tana ji. Yallaɓai, na'urarka lafiyarta ƙalau."

"Haka na ce. Ingancin ƙira ne."

"Sannu da ƙira. Tunda ba ta yi ƙarya ba, wani abu ya zo kusa da ita jiya. Buɗe min shafin."

Ya buɗe kwamfuta. Na'urar tana rubuta adadin kowane minti, don haka ranar Talata gaba ɗaya tana nan a layi guda. Lubabatu ta bi layin da ɗan yatsa. Daga safe ashirin, ashirin da biyu, sha tara. Ƙarfe sha ɗaya da ashirin ya ɗan tashi zuwa talatin da biyar na rabin awa.

"Wa ya shigo nan sha ɗaya da ashirin?"

"Usuman," in ji Mastura. "Ya zo duba na'urar sanyin. Ni na buɗe masa."

"Halas, magana ta ƙare!" in ji Injiniya. "Haɗin baki ne."

Usuman mai walda ne a unguwar masana'antu, gyaran sanyi kuma na bayan fage. Lubabatu ta kira shi ta saki murya. Ƙarar injin niƙa ƙarfe ta cika falon.

"Malam Usuman, ina ka ajiye jakarka jiya a gidan Injiniya?"

"A kan kanta, kusa da rediyon nan mai tari."

"Ba rediyo ba ne!" in ji Injiniya.

"Akwai sandunan walda a jakar? Masu jan kai?"

"Kwali guda. Me ya faru?"

"Su suka sa ta ɗan motsa, suna da ɗan tururi. An sace kilishi."

"Akwai kilishi a ɗakin nan ban sani ba? Haba Injiniya! Ruwa ma sai da na roƙa."

"Yaushe ka fita?"

"Sha biyu saura, tare da Mastura. Sha biyu da rabi na buga katin shiga aiki, ban fita ba sai magariba. A tambayi mai gadi, ɗan Bangal ne, ba ya ƙaunata, ba zai rufa min ba."

Lubabatu ta kashe wayar. "Hajiya, yaushe kika ga ƙunshin na ƙarshe?"

Hajiya ta ɗan sunkuyar da kai. "Ƙarfe ɗaya. Na yagi kaɗan kafin in fita wurin baƙi."

"Kin ce ba a buɗe ba," in ji Injiniya.

"Ka ce kai ka ƙera na'ura."

"To Usuman ya fita daga ciki," in ji Lubabatu. "Makullin gidan nan nawa ne?"

"Nawa, nata, na yayarki." Injiniya ya gyara biro. "Sai na ko-ta-kwana a wurin maƙwabcinmu, Dakta Munzali. Amma kar ki sa sunansa a bakinki. Shugaban ƙungiyar 'yan Najeriya ne na unguwar nan. Shi ya ba ni shawara da safe a kira shurɗa, 'yan sandan garin nan."

Dakta Munzali mai kula da rumbun kaya ne a wani kamfanin tayal. Daktan an ba shi ne a wani otal, tare da hula mai igiya da abincin rana.

Lubabatu ta koma kan layin. Ta daɗe tana kallo, har Hajiya ta kawo mata shayi ta manta ba ta sa sukari ba. Ƙarfe uku saura ashirin adadin ya tashi zuwa ɗari da tamanin ya zauna. Uku da sha biyu ya yi tsalle zuwa dubu uku, ya yi minti shida a can, ya faɗo ya koma ɗari da wani abu. Daga nan yana hawa yana sauka, amma ƙololuwarsa tana raguwa. Ta ɗauki biron Injiniya ɗaya ba tare da ta tambaya ba, ta yi lissafi a bayan kwalin shayi.

"Duk awa shida yana raguwa da rabi," ta ce.

"Daidai," in ji Injiniya. "Me hakan ke nufi a naki ganin?"

"Na'urar da ta lalace ba ta da wannan ladabin."

Ta cire na'urar daga soket ta haɗa ta da batirin aljihu, ta fara zagaye ɗakin da ita kamar mai turare. Wurin buhun shinkafa, shiru-shiru. Wurin ƙofa, haka. Da ta kai bangon yamma tak-tak ɗin ya ninka.

"Mene ne a bayan bangon nan?"

"Falon Dakta," in ji Hajiya. "Kujerarsa ma a jikinsa take, muna jin minsharinsa."

"A ce masa ana neman shawararsa."

Ba a taɓa neman shawarar Dakta Munzali ya ƙi zuwa ba. Kafin ya iso Lubabatu ta kashe muryar na'urar, ta ajiye ta a kan teburin falo, ta rufe da ɗankwalin Mastura.

Ya shigo da jallabiya fara da carbi mai manyan ƙwayoyi, ya zauna a kujerar mai gida.

"Har yanzu yarinyar tana nan? Injiniya, sassauci ke ɓata masu aiki. Ni na karanci halayyar ɗan Adam."

"Ranka ya daɗe," in ji Lubabatu, "kowa da ke da makulli muna tambayarsa inda yake jiya. Don a cike ƙa'ida ne."

Dakta ya yi dariya. "Ni za a tambaya? To, Allah ya sa ina da amsar da ba ta da na biyu. Jiya ina asibiti. Gwajin zuciya aka yi min, kuma ba irin na kowa da kowa ba. Na nukiliya. Allura suke maka a jijiya, su sa ka cikin wani inji ya zagaye ka yana ɗaukar hoto. Likitan da kansa ya ce ba kowace zuciya ake yi wa ba."

"Ikon Allah. Ƙarfe nawa aka yi allurar?"

"Sha biyu. Tun daren shekaranjiya ba su bar ni na ci komai ba."

"Yaushe ka dawo gida?"

"Bayan magariba."

"Rabonka da shiga ɗakin binciken Injiniya fa?"

"Tun watan jiya da ya nuna min ɗigonsa karo na huɗu."

Lubabatu ta janye ɗankwalin ta kunna murya.

Na'urar ta ɓarke kamar ana soya gyaɗa a kasko. Hajiya ta yi salati. Lubabatu ta ɗauke ta ta kai kusa da Injiniya, ta lafa. Ta kai kusa da Mastura, ta ƙara lafawa. Ta dawo da ita ƙirjin Dakta, ta sake ɓarkewa.

"Ki kawar da abin nan daga jikina!"

"Ba ita ke ba ka ba, Ranka ya daɗe, kai ke ba ta."

Injiniya ya ɗauki matashin kujera ya kare cikinsa. "Muna cikin haɗari?"

"Ba kowa a haɗari. Zuwa jibi zai huce. Yallaɓai, ajiye matashin, ba ya tare komai." Ta juya kwamfutar yadda kowa zai gani. "Ruwan allurar nan yana fitar da tururi don injin ya gani, kuma duk awa shida ƙarfinsa yana raguwa da rabi. Ga shi a layi. Uku saura ashirin na'ura ta fara jin wani ta cikin bango. Wato Dakta ya dawo ya zauna a kujerarsa, ba bayan magariba ba. Uku da sha biyu ta hau dubu uku. Ta bango ba za ta kai haka ba, sai in mutum ya tsaya a gabanta. Kilishin kuma a bayanta yake, duk mai ɗauka sai ya jingina ƙirjinsa da ita. Minti shida. Ina jin biyar na ɗanɗano ne."

"Wannan ƙazafi ne! Yarinyar da ko sakandare..."

"Ban yi ba. Na'urar ma ba ta yi ba. Amma a duk benen nan mutum ɗaya ne aka yi wa allurar da ba kowace zuciya ake yi wa ba, kuma shi ya faɗa da bakinsa."

"Zan kai ƙara!"

"Ba sai an je nesa ba. Mu tsallaka mu tambayi Hajiya Hafsa lokacin da kuka dawo."

Hajiya Hafsa matarsa ce. Wata uku ke nan da ta karɓi takardar likita ta liƙa a firij, ta hana shi nama, gishiri, mai da yaji. Duk benen ya san Dakta a kan dafaffen kabeji yake rayuwa.

Carbin ya tsaya a hannunsa. Muryarsa ta sauko.

"Kar a sa Hajiya a ciki."

"Dakta," in ji Injiniya, "kai?"

"Injiniya, ka taɓa yin awa goma sha takwas ba ci, ka dawo gida a aje maka kabeji? Tun Litinin ƙanshin nan ke bi ta hanyar iska yana shigo min falo. Falle ɗaya na yi niyya. Wallahi falle ɗaya. Sai na ji motsi a bene na ruga da ƙunshin gaba ɗaya. Ban san da zinare ba sai da safen nan."

"Da ka sani fa?" Mastura ce ta yi magana, karo na farko tun shigowarsa. "Da ka sani sai ka ce a kira min shurɗa? 'Ya'yana biyu, Dakta. A nan aka binne babana."

Dakta ya duba carbinsa kamar akwai amsa a jiki.

Ƙunshin yana cikin but ɗin motarsa, ƙarƙashin tayar ko-ta-kwana, an naɗe shi da haramin Umara. Aka hau da shi. Dakta ya riga ya ci kusan rabi. Hajiya Nana Aisha ta ɓare fallayen da suka rage, awarwaro biyu suka faɗo, ja-jawur da yaji. Ta kalle su, ta kalli Mastura, ta rungume ta tana kuka tana neman gafara, yajin ya shiga idonsu su duka biyun.

Injiniya ya yi gyaran murya. "A gaskiya ni tun farko ina da shakku."

"Ba ka da shi," in ji matarsa. "Ba ta haƙuri."

Ya bayar. Dakta ma ya bayar, sau biyu, don na farko Mastura ta ce ba ta ji ba, mura take. Sannan ta miƙa hannu.

"Makullin."

Ya ciro shi daga zoben makullansa ya ajiye a tafinta.

Saura ɗigo. Shafin yana da gurbin da za a rubuta dalilin matsala kafin a mayar da tasha. Injiniya ya zauna ya fara: "Bayan dogon nazari da na gudanar a ɗakin bincikena..." Ya kai layi na tara bai zo kan dalilin ba. Lubabatu ta ja kwamfutar ta goge, ta rubuta: "Maƙwabci ya yi gwajin zuciya. Na'ura lafiya." Kafin a kira azahar ɗigon ya koma kore.

Tana haɗa kayanta sai Injiniya ya nuna sauran kilishin da ɗan yatsa daga nesa.

"Wannan fa? Ya kwana a hannunsa. Ana iya ci?"

Lubabatu ta ɗora na'urar a kai. Tak. Tak. Ashirin a minti, kamar kowace Laraba. Ta daɗe tana kallon allon, ta girgiza kai a hankali.

"Sai an ƙara bincike, Yallaɓai. Ɗakin bincikenka ba shi da kayan aikin. Zan tafi da shi nawa."

"Abin da zan ce ke nan," in ji Injiniya.

Hajiya Nana Aisha ta gane, ta ƙunshe dariyarta, ta kawo sabuwar leda da kanta.

A Waziriyya aka kammala binciken bayan la'asar, a kan tabarma, da albasa da shayi. Mutanen gida biyar suka gudanar da shi, ba a samu saura ba.